Jibirin Ban-yarda-ba da Rigar Kwarin Marke

A Kwarin Marke, wani ɗan ƙauye a gefen Garo, akwai Jibirin har uku, amma idan aka ce Jibirin Ban-yarda-ba, ba mai tambayar wanne. Maɗinki ne, ya ba sittin baya, siriri, da ƙananan idanun da ba sa zama wuri ɗaya. Idan ka gaishe shi da fara'ar da ta fi ta jiya, zai wuni yana tunanin me kake nema a wurinsa. Idan mai shago ya yi masa ragi, sai ya juya kayan ya duba ta ƙasa. Matarsa Fatsuma takan ce ranar da aka kai ta ɗakinsa, sai da ya ja ɗaya daga cikin 'yan rakiya gefe ya tambaye ta ko sun tabbata ita ce aka ɗaura masa. Shi bai taɓa musawa ba, cewa yake yi tambayar ba ta rage wa kowa komai ba.

Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu, ƙanwar mahaifinsa ce ta ɗauke shi, wadda duk ƙauyen har liman suke kira Gwaggo. Mace ce mai kaɗi da rini, kuma a hannunta rigar maharban ƙauyen take tun zamanin iyayensu. Ita ta koya masa jiƙa ɓawon maɗaci kwana uku har ruwan ya yi ja, da tsoma saƙi a ciki sau bakwai, da gwada mutum da tafin hannu ba da tef ba. Da idonta ya raunana, allurar ta dawo hannunsa. Ya sayi keken ɗinki daga baya don kayan sallah da na 'yan makaranta, amma rigar maharba bai taɓa ɗora ta kan keke ba.

Rigar 'yar shara ce ta saƙi, launin jan ƙasa, tana sauka har gwiwa, da layi uku na jan zare a ƙirji. Ba wani ado gare ta ba. Abin da ya bambanta ta shi ne ba a sayen ta. Duk saurayin da zai shiga cikin maharba, sai wani dattijon ƙungiya ya riƙo shi zuwa zauren Jibirin, ya zauna, ya ce, "Ɗan wane ne, na tsaya masa." Jibirin zai sa almakashi ya zagaye ƙasan rigar dattijon, ya yanke faɗin yatsa biyu, ya naɗe wuyan sabuwar rigar da shi. Don haka kowane maharbi yana yawo da guntun rigar wanda ya tsaya masa a wuya, dattijo kuma da ka dubi tsawon rigarsa ka san mutum nawa ya ɗauka a kansa. Yawanci uku ne ko huɗu a tsawon rai. Akwai ƙa'ida ɗaya da Gwaggo ta kafa masa a kai: idan dattijo ya ce ya tsaya wa mutum, maɗinki ba ya ƙara tambaya, domin tambaya bayan wannan zagi ce.

Saboda haka ne rigar ta yi nauyi a wannan yanki. Makiyayin da ba zai gaya wa ɗan uwansa adadin shanunsa ba, zai gaya wa mai wannan riga, har ya nuna masa inda suke kwana. Manomi zai ce masa gobe zan tafi Kano, gida sai mata, ka riƙa leƙawa. Wannan yarda ce kaɗai abin da Jibirin yake taƙama da shi a duniya, kuma ita ce abu ɗaya da bai taɓa juyawa ya duba ta ƙasa ba.

Shekarun baya-bayan nan satar shanu ta yi yawa a kan iyakar Kabo da Gwarzo. Ɓarayin sun gane cewa maharban kowane gefe a bakin iyakarsu suke tsayawa, sai su kora dabbobi su tsallaka, a bar masu bin sawu suna kallon juna. Dattawa suka zauna suka ce a haɗe ƙungiyoyi uku su zama ɗaya: ta Kwarin Marke, da wata daga ɓangaren Unguwar Tudu, da wata daga ɓangaren Sabon Birni. Da aka rasa wanda ɓangarorin uku za su yarda ya shugabance su, sai aka ɗauko wanda ba na kowa ba, wato Saje Bot, tsohon soja ɗan Filato da ya yi shekara ashirin a Gwarzo, matarsa Anastasia tana koyarwa a firamare. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, mai yawan murmushi, da ɗan littafi a aljihun gaba kullum. Murmushin da littafin duk ba su kwanta wa Jibirin ba.

Abu na farko da haɗakar ta kawo shi ne kaki kore da hular da ake karkatawa gefe. Da aka nuna wa Jibirin, ya murza yadin tsakanin yatsunsa ya ce, "Wannan ko ni na shiga Kano gobe zan sayo goma, ba wanda zai tambaye ni sunan ubana." Tsofaffin maharba suka goyi bayansa, na sauran ƙauyukan biyu ma suka ce ba za su ajiye tasu ba, su masu baƙar riga mai adon wuri, su masu hula da kunnuwa. Aka yi wata biyu ana jayayya kafin a tsaya a kan cewa wando da takalmi na haɗaka ne, riga kuwa kowa ya sa ta garinsu. Sai kuma aka duba aka ga rigunan da ake rigima a kansu yawancinsu sun zama tsumma, saƙi ya yi tsada, kuma asusun ƙungiya a kaki ya ƙare. Nan ne Alhaji Maikuɗi, wani falken hatsi a Gwarzo, ya aiko cewa shi ya ɗauki nauyin saƙi da ladan ɗinki, ko nawa ake buƙata, don kada kayan iyaye su ɓace.

Kowa ya yi ta sa albarka, ban da mutum ɗaya.

Wata safiyar Talata Saje Bot ya iso zauren da ɗaurin saƙi a bayan babur. Suka gaisa, lafiyar gida, lafiyar yara, ya Malama, ya gajiyar hanya, ya aka ji da ruwan shekaranjiya, Jibirin yana amsawa idonsa na kan ɗaurin.

"Saje, me Alhajin yake nema?"

"Lada, in ji shi, Malam Jibirin."

"Mai neman ladan bai ga masallacin garinsu da ke yoyo ba, sai rigar maharba?"

Bot ya yi dariya ya zauna a kan buhu. "Ni dai saƙi aka ba ni na kawo. Kuma wannan rigima taku ba sabuwa ba ce a kunnena. Muna kwas ɗin soja, wani Bature mai koyar da mu ya ce su ma a ƙasarsu akwai sojojin Sikotland masu ɗaura wani ɗan zane zuwa gwiwa, kowace bataliya da kalar nata. Da aka haɗe su wuri ɗaya, sai faɗa ya tashi a kan zanen wa za a ɗaura, kuma wa zai biya kuɗinsa. Manya da gemu suna kuka a kan zane. Lokacin dariya muka yi, sai da aka haɗe tamu bataliyar aka karɓe mana bajo na gane."

Jibirin bai yi dariya ba. A ransa ya ce mutumin da ya fara da labarin Turawa akwai abin da yake shimfiɗa wa tabarma. Ai kuwa sai ga Bot ya zaro littafin.

"Ga sunayen mutanenku da ke cikin haɗaka. Ka ɗinka a kan wannan. Duk wanda ka gama wa, ka gaya mini in sa alama."

"Ni ba na ɗinka wa takarda, Saje. Mutum nake ɗinka wa, wanda dattijo ya riƙo."

"To ka ɗinka yadda ka saba, amma ka riƙa gaya mini adadi. Adadi kawai."

"Adadin me zai yi maka?"

"Don in san mutanena."

"Idan mutanenka ne ai ka san su."

Bot ya mayar da littafin aljihu, ya yi sallama ya tafi. Jibirin ya shiga gida ya gaya wa Fatsuma cewa ya gano bakin zaren: so ake a san riga nawa ce da yadda ake yin ta, a kai Kano a buga a keke, a mayar da ita kaki mai launin ƙasa. Ya rantse ba za a ji adadi daga bakinsa ba. Fatsuma ta ce, "Malam, mutumin nan ya taɓa cin maka wani abu?" Ya ce ai masu irin wannan sai sun shirya suke ci.

Aiki ya kankama. Tsofaffin 'yan ƙungiya suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, yana warware wuyan tsohuwar rigar kowa yana mayarwa a sabuwa, don kada guntun wanda ya tsaya masa ya ɓata. Wasu guntayen na mutanen da suka daɗe a ƙasa ne, yana ɗinki yana tuna su. Cikin wata ɗaya da rabi ya gama arba'in da ɗaya, saƙi kuma bai ƙare ba, domin duk lokacin da ya kusa ƙarewa sai a aiko da wani.

Daga nan ne Muhammad Nur ya fara zuwa. Dattijo ne da ya haura saba'in, maharbi tun yana saurayi, abokin yayan Jibirin marigayi, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Gwaggo. Jibirin Yaya Nur yake ce masa, ba ya zama a kujera idan yana tsaye. Ranar farko samari biyu ya riƙo.

"Jibirin, 'ya'yan ƙanwata ne da ke aure a wajen Sabon Birni. Tunda an zama ɗaya yanzu, suna son ta kakanninsu. Na tsaya musu."

Jibirin ya sa almakashi. Bayan kwana biyar ya zo da uku, jikokin wani abokinsa. Sai ɗaya, sai biyu, sai uku. Ba cewa za a yi Jibirin bai ga komai ba, mai irin idonsa ba ya rasa gani. Ya ga tafin hannun ɗaya sumul, ba kanta ko ɗaya. Ya ga wani da aka ce ɗan yankin ne ya tambayi ta ina ake fita titin Kabo. Ya ga ba wanda ya tsaya ya gaida Fatsuma ta bayan zana kamar yadda 'ya'yan dangi suke yi. Duk ya gani, ya haɗiye, domin Yaya Nur ya faɗi kalmar, kuma bayan kalmar ba tambaya. Rigar dattijon da ta riga ta ɗan haura gwiwa ta hau cinya, ta wuce cinya, ta kai ƙugu.

Fatsuma ce ta yi magana, tana tankaɗe a tsakar gida. "Malam, rigar Yaya Nur fa ta kusa zama hula."

"Ki iya bakinki. Mutum yana ɗaukar jama'a a kansa, ke kina auna masa riga."

Wannan wuri shi ne yake ba ni haushi a labarin Jibirin, kuma shi ne yake ba ni tausayi. Mutumin da ya zargi mai gishiri da mai kalanzir, ya tsare ƙofa ɗaya da dukan ƙarfinsa yana harar baƙo, ɗaya ƙofar kuwa da hannunsa ya riƙe ta a buɗe, don Gwaggo ce ta ce a bar ta haka.

Ranar faretin haɗaka aka taru a wani fili a Gwarzo da hantsi. Jibirin ya hau motar haya ya je, ya tsaya daga gefe cikin tasa rigar, ya ga jan ƙasar Kwarin Marke a jere tsakanin baƙaƙen riguna da huluna masu kunnuwa, ƙirjinsa ya cika. Alhaji Maikuɗi ya yi jawabi gajere, aka tafa. Ana watsewa Bot ya nufo shi, yau babu murmushin.

"Malam Jibirin, aiki ya yi kyau. Na ji an ce kana zargin zan kai ta Kano a buga a keke, yanzu dai an gama, ba abin da zan iya kaiwa. Riga nawa ka ɗinka?"

Daɗin ranar ya sa bakin Jibirin ya saki. "Hamsin da biyu, kuma ba wadda keke ya taɓa."

"Arba'in da ɗaya ne a layi. Arba'in da ɗaya ne a littafi."

"To ka binciki littafinka. Ko ka ajiye sauran a wani wuri ne don a ce ban iya ƙirga ba?"

Bot ya bar maganar ta wuce. Ya matso ya rage murya. "Ranar Asabar wani makiyayi daga bayan Unguwar Tudu ya tare ni yana godiya. Ya ce mutanena biyu masu jar riga sun zo da rana, sun ƙirga masa shanu, sun duba inda suke kwana, sun tambayi ranar da yake zuwa kasuwa. Malam Jibirin, ni ban aiki kowa can ba."

Jibirin ya juya a take. Bai jira motar 'yan ƙauyensu ba, ya hau ta farko da ya samu, ya sauka a Garo ya ƙarasa da ƙafa, kai tsaye gidan Muhammad Nur, wanda aka ce ciwon ƙafa ya hana shi zuwa kallon fareti. Ya same shi a ƙofar gida a kan tabarma. Ya durƙusa ya gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, kuma yana durƙushen ne ya lura ɗakin zauren an yi masa sabon rufin kwano.

"Yaya Nur, yaran nan goma sha ɗaya ban gan su a fili ba."

"Wataƙila hanya ce ta yi musu nisa."

"A ina zan same su?"

Dattijon ya ɗago ya dube shi. "Jibirin, tambayata kake yi?"

Shekara arba'in bai taɓa ƙetare wannan wuri ba. Amma ya ce, "Tambayarka nake yi, Yaya."

"Na tsaya musu," in ji Muhammad Nur, ya juya fuskarsa ga bango. Ko sayar da kalmarsa ya yi, ko shi ma wani ne ya riƙo masa su ya ji kunyar tambaya, har yau ba wanda ya sani. Ɗansa ya ce kwanon kuɗin gyaɗa ne. Da aka je wa Alhaji Maikuɗi, cewa ya yi shi saƙi ya bayar saboda Allah, duk lokacin da aka ce a ƙaro ya ƙara, kuma dattawan ƙauyen ne suke aikowa, bai riƙe sunan kowa ba. Ƙanwar da ake cewa tana aure a Sabon Birni kuwa, an same ta, 'ya'yanta duk mata ne.

Washegari Bot ya zo zauren. Ya ce akwai hanya biyu. Ko a yi shiru a baza mutane a nemi rigunan a hankali, don kada sunan Kwarin Marke ya ɓaci, ko a fita a gaya wa jama'a. Ya ce shi ba zai yanke ba, domin rigar ba tasa ba ce.

"Neman zai ɗauki kwana nawa?" in ji Jibirin.

"Ban sani ba. Wata, ko shekara."

"Su kuma masu shanun suna nan suna nuna musu makwanci."

Fatsuma ta yi gyaran murya daga bayan zana. "Malam, ka san idan ka faɗa da bakinka an gama. Ba mai ƙara riƙo maka kowa. Abin da Gwaggo ta bar maka ke nan."

"Na sani."

Ya shiga ɗaki ya sa rigarsa, ya fito ya hau bayan babur ɗin mutumin da ya yi wata uku yana zargi. Ya ce shi zai yi maganar, domin idan Saje ya faɗa, za a ce baƙo ne yake ɓata kayan gari don a koma kaki. Kwana uku suka yi suna bin rugage da ƙauyukan gona tsakanin Garo da Unguwar Tudu da Sabon Birni. Ko'ina maganar ɗaya ce, kuma kowane faɗi sai ya ji kamar haƙori ake cire masa. Wasu suka yi salati, wasu suka zage shi, wani makiyayi ya tashi a take ya fara kwance turaku.

A rana ta uku da azahar suka tsaya a wani gida shi kaɗai a tsakiyar gonakin dawa. Tsohuwa ce a ciki da jikokinta mata, Inna Zulaihat, wadda mahaifinta da mijinta duk sun sa wannan riga. Tun daga nesa ta hango launin, kafin su kashe babur ta fito da ƙwaryar ruwa tana lale da mutanen Kwarin Marke. Jibirin ya gaishe ta har ƙasa, ya bari ta gama tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce:

"Inna, saƙo na kawo. Daga yau idan kin ga mai wannan riga, kada ki gaya masa komai. Kada ki ce masa gida ba maza, kada ki nuna masa inda awaki suke. Akwai goma sha ɗaya a hannun mutanen da ba mu sani ba, kuma ni na ɗinka musu."

Tsohuwar ta dube shi, ta dubi jan zaren ƙirjinsa. "To ta yaya zan bambanta, ɗana? Idona ba ya rarrabe fuska yanzu, launin nake gani."

"Ba za ki bambanta ba, Inna. Duk wanda ya zo a cikinta ki ɗauke shi baƙo."

"Har kai?"

"Har ni."

Ta dubi ƙwaryar da ke hannunta. Sannan ta sunkuya a hankali ta ajiye ta a ƙasa a tsakaninsu, ta ja da baya, ta kira jikokinta suka shige, ta jawo ƙyauren kara ta rufe. Jibirin ya tsaya yana kallon ƙyauren, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Bot ya tayar da babur ya jira shi, domin akwai sauran gidaje huɗu kafin la'asar.